Yadda Ake Ɗaukar Hoton Birai Daga Kusa a Yankari

Wanda ya shiga gandun dajin Yankari da niyyar ɗaukar hoton giwa yana iya yin kwana biyu bai ga ko wutsiyarta ba, amma gwaggon biri tun kafin ya gama sauke kaya a sansanin Wikki zai tarye shi. Shi ya sa yawancin hotunan da baƙi ke komawa gida da su na birai ne, kuma kusan duk iri ɗaya: baƙin dunƙule a tsakiyar yashi ba a ganin idonsa, ko ƙeyar dabba tana gudu da ledar biredi a hammata. Mutum ya matsa kusa har ya jefa kansa cikin haɗari, hoton kuma bai fito ba. Kusancin da ake gani a hoto mai kyau gilashin kyamara ne ke kawo rabinsa, zaman jira ya kawo sauran. Ƙafa ba ta da aiki sosai a ciki.

Hanyar sananniya ce. Daga Bauchi a bi titin Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan sauran kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin Wikki. Mai fitowa daga Gombe sai ya wuce Alkaleri kafin ya kai mararrabar. An buɗe gandun ga baƙi a 1962, don haka biran sansanin sun gaji sanin mutane kaka da kakanni. Sun san ƙarar buɗe but ɗin mota, sun san kular abinci, sun kuma san waye zai saki abin hannunsa in an yi masa barazana. Ka tambaya tun a ƙofa abin da ake biya na shiga da kyamara, kada sai ka fara aiki a zo ana ja-in-ja.

Iri uku za ka tarar, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Gwaggon biri shi ne babba, mai dogon baki, yana yawo cikin garke mai maza da mata da yawa. Ƙaton namiji yakan wuce kilo 20, fiƙarsa kuma takan kai santimita 5. Shi ne mai sansanin. Kirka ƙarami ne, baƙar fuska da farin layi a goshi, ya fi son itatuwan bakin ruwa. Jan biri kuwa na fili ne, dogayen ƙafafu, ba birin da ya kai shi gudu a ƙasa, yana kai wajen kilomita 55 a awa, kuma ba ya yarda da mutum ko kaɗan. Duk abin da za a faɗa a kan zama kusa, da gwaggon biri ake. Sauran biyun sai daga mota.

Tazara da gilashi

Masu binciken birai suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 7 tsakanin mutum da dabbar, wato kamar taku tara ko goma na babban mutum. Dalili biyu ne: cizo, da kuma cuta, domin mura da tarin ɗan Adam suna kama su. In kana fama da mura, ka sa takunkumi ko ka haƙura da zama kusa a ranar.

Mutane sukan ce mita 7 ta yi nisa. A yi lissafi. Kyamarar da yawancin masu hoton biki ke riƙewa, Canon ko Nikon mai ƙaramar sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara), in aka ɗaura mata gilashin 70-300mm aka zuƙo har ƙarshe, abin da ke shiga hoto daga mita 7 bai wuce faɗin santimita 55 da tsayin santimita 36 ba. Kai da kafaɗun babban namiji ke nan, sun cika hoton taf. Daga mita 10 za ka sami kamar santimita 78 da 52, wanda ya isa uwa da jaririnta in ka juya kyamarar tsaye. To me za ka matso nema? Mai 100-400mm ya fi kowa hutawa. Wanda 18-55mm ɗin da aka sayo kyamara da shi kaɗai gare shi, ya daina tunanin fuska; ya ɗauki garke da wurin zamansu, ko ya ari dogon gilashi wurin abokan sana'a kafin ya baro gari.

Ga inda ake yawan faɗuwa. A 300mm da f/5.6 (lambar da ke nuna girman buɗewar gilashi) daga mita 7, zurfin abin da zai fito tsaf bai fi santimita 12 ba, bakin gwaggon biri kuma dogo ne. In ka bar kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta, hanci za ta kama, don shi ya fi kusa da ita. Za ka duba a ƙaramin allon bayanta ka ga kamar ya yi, sai ka buɗe a kwamfuta ka tarar hanci ya fito rangaɗau, ido ya dushe. Ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. In dabbar tana fuskantarka kai tsaye, ka tsuke zuwa f/8, zurfin ya ƙaru zuwa wajen santimita 17. In ta juya gefe, f/5.6 ya wadatar, bayan ma ya fi narkewa. Sababbin kyamarori masu gane idon dabba suna taimakawa, amma sukan ruɗe in ciyawa ta gitta gaban fuska, don haka ka riƙa dubawa.

Saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa ga wanda ke zaune yana tauna, domin baki da hannu ba sa tsayawa. 'Yan yara masu kokawa da tsalle sai 1/1600 ko 1/2000. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya riƙa sauya kansa, ka kafa masa iyaka a 3200. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Ka kunna saitin da ke bin abu mai motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, sannan ka sa ɗauka a jere, amma ka riƙa saki bayan uku ko huɗu. Wanda ya danne yatsa har sai kati ya cika, daidai lokacin da jariri zai leƙo kyamararsa tana can tana haɗiyar hotunan baya. Filasha a kashe ta. Tana firgita su, tana sa idonsu ya yi wani irin ƙyalli marar kyau, babban namiji kuma yana iya ɗaukarta tsokana.

Haske shi ne rabin aikin

Idon gwaggon biri ƙanana ne, kusa da juna, a can ƙarƙashin ƙashin gira mai tudu. Da rana ta ɗago sama, girar nan sai ta yi musu rumfa, su koma ramuka biyu baƙi ƙirin. Babu kyamarar da za ta ceto wannan. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, ka ajiye batun fuska, ka je ka yi wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ke nan a digiri 31 dare da rana. Lokacin aiki shi ne daga fitowar rana, wajen 6:45 a watan Janairu, zuwa 9, sai kuma bayan la'asar har rana ta yi ja. A waɗannan sa'o'in hasken yana shigowa a kwance, ya ratsa ƙarƙashin gira, sai ka ga idon ashe ruwan zuma ne, da ɗan ɗigon haske a ciki. Ɗigon nan kake jira. Rana ta kasance a bayanka ko a kafaɗarka, ka jira dabbar ta ɗaga kai ko ta waiga wajen haske, sannan ka danna.

Fuskar baƙa ce, ƙasar sansanin kuma fara, sai kyamara ta auna hasken ƙasa ta duhunta fuskar. Ka ƙara +0.7 a maɓallin nan mai alamar +/-, in bayan yana da haske sosai ka kai +1. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, in kyamararka na yi, don ka iya buɗe inuwa daga baya.

Hazon hunturu, wanda masu ɗaukar giwa daga nesa ke tsinewa, abokin mai ɗaukar biri ne. Yana tace rana, inuwa ta yi laushi, har ka iya aiki zuwa ƙarfe 10 ko fiye. Daga mita 7 ƙurar da ke tsakaninku ba ta kai ta ɓata komai ba. Daga Disamba zuwa Afrilu ne lokacin zuwa, ciyawa ta kwanta, dabbobi sun tattaru wajen kogin Gaji. Da damina ganye ya yi kore shar, hoto ya yi kyau, amma ganin dabba a daji sai an sha wuya.

Yadda ake zama

Da sassafe garken yana saukowa daga itatuwan da ya kwana, ya zauna shan hantsi da tsince-tsincen jiki kafin ya fara yawon neman abinci. Wannan rabin awa zuwa awa ɗaya ta fi duk sauran yinin daraja. Ranar farko ka tsaya nesa ka lura da inda suke sauka da inda suke dosa. Masu shara da masu gadin sansanin sun fi kowa sani, gaisuwa da tambaya ɗaya ta isa. Washegari ka riga su zuwa. Ka zauna gefen hanyar tasu, kada ka tare ta, bayanka jingine da bango ko mota don kada a zagayo maka. Su za su zo su same ka.

In dole sai ka matsa, kada ka miƙe sambal zuwa gare su. Ka tafi a karkace kamar wani wuri ka nufa, taku uku ka tsaya, ka duba wani gefen. Da ka ga wanda kake so ya daina abin da yake yi yana kallonka, ka kai iyaka. Tsuguna nan. Bayan minti goma sha biyar ko ashirin ba ka yi wani abin a-zo-a-gani ba, sai su manta da kai: uwa ta kwantar da 'yarta tana buɗa gashin bayanta da yatsu biyu tana tsince ƙwari tana kaiwa baki, jariri baƙi mai jajayen kunnuwa ya saki cikin uwarsa ya yi taku biyu ya faɗi, wanda ya ɗan tasa ya haye bayan tasa uwar ya zauna daram kamar ɗan sarki a hawan sallah. Hotunan da ake ratayewa a bango daga nan suke fitowa.

Kyamara ta sauko daidai tsayin idonsu. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna tsakar ka da yashi. Wanda aka ɗauka a durƙushe yana nuna fuska, bayan kuma ya ja nesa ya narke. Gwiwa ɗaya a ƙasa, gwiwar hannu a kan ɗayar, ka sami madogara ke nan kuma kana iya miƙewa nan take. Kada ka kwanta rubda-ciki a gaban garke. Kafin ka danna, ka duba bayan dabbar: kwandon shara, tayar mota, bangon ɗaki. Matsawa taku ɗaya hagu ko dama takan maye gurbinsu da ganye.

Karanta fuska

Wannan ya fi duk lambobin da aka lissafa a sama muhimmanci, kuma shi ne baƙi ba su sani ba. A wurin gwaggon biri, zuba ido tsokana ce. Ka kalle shi ta cikin kyamara, in ka sauke ta ka kawar da kai gefe. Shi ma gilashin, in ka daɗe kana auna shi da shi daga kusa, babban ido ne a wurinsa. Ka riƙa saukewa kana hutar da shi.

In ya ɗaga gira farin fatar idonsa ya bayyana, yana kallonka, gargaɗin farko ke nan. In ya yi hamma mai faɗi ya fito da fiƙoƙi yana satar kallonka, ba barci yake ji ba, makami yake nuna maka. In ya mari ƙasa da hannu, ko ya yi kamar zai zaburo ya tsaya, gashin kafaɗarsa ya tashi, to zama ya ƙare. Ka miƙe a hankali, ka ba shi gefen jikinka, ka ja da baya. Kada ka ruga, kada ka yi ihu, kada ka yi masa dariya haƙora waje. Hoton hammar nan yana da kyau ƙwarai, kowa na son sa, kuma daga mita 10 ana samunsa lafiya lau lokacin da maza ke yi wa junansu. Wanda ya tsokano ta da gangan daga mita 2, garin neman gira zai rasa ido.

Akwai kuma alamun da ake fassarawa a juye. Ƙaramin da ya yage baki haƙora a haɗe kamar yana murmushi, tsoro yake ji. Mai tauna leɓe da sauri yana 'yar gurnani a hankali, shi ne mai neman zaman lafiya.

Jariri ya fi komai jan hankali kuma ya fi komai haɗari. Yakan taho da kansa don son sani, har ya taɓa takalmi. Kada ka miƙa hannu, kada ka yi motsi mai ƙarfi, kada ka kasance tsakaninsa da uwarsa. In ya tsorata ya ƙwala ƙara ɗaya, duk mazan garken a kanka za su yo. Da ka ga yana matsowa, kai ka fara janyewa.

Abinci da leda

Jagora zai gaya maka tun a mota: "Alhaji, don Allah a ɓoye ledar nan." Ka ji maganarsa. Biran Wikki sun haɗa ƙarar leda da abinci, ko batir ne a ciki za su fizge. Kayan aiki su zauna a jaka mai zif, a rataye a gaba. Kada ka ɗauki ayaba, gyaɗa, biskit ko lemon kwalba a jikinka lokacin aiki. Ƙofar ɗaki da taga a kulle ko da minti biyu za ka yi, gilashin mota a ɗage, domin suna buɗe ƙofar da ba a sa wa makulli ba. In za ka shiga ruwa, wani ya zauna da kaya.

Jefa musu abinci don su matso shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ban da cewa yana lalata dabbar ya mai da ita 'yar fashi, hoton ma ba ya kyau: manyan maza ne za su kore mata da yara, a yi ta ƙura da faɗa, kumatu cike, ido a kan hannunka. Da abincin ya ƙare kuma ba su yarda ya ƙare ba.

In an fizge maka abu, ka saki. Kada ka bi, kada ka ja. Abin da ba na ci ba ne sukan shinshina su yar a kusa; ka jira su bar wurin, ko ka kira ma'aikaci. In kuwa ƙaddara ta sa an cije ka ko an yakushe ka har jini ya fito, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cikakku, ka sa aidin ko sifirit, kada ka ɗaure shi tam, ka nufi asibiti a ranar. A Bauchi akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Gombe akwai na tarayya. Ka gaya wa likita biri ne, don a duba batun allurar haukan kare da ta tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cizon fiƙa ƙaramin baki gare shi amma yana da zurfi, yana kuma saurin ruɓa.

Mai waya kaɗai

Babbar kyamarar waya tana ɗaukar faɗin kusan mita 10 daga tazarar mita 7, biri ya zama ɗigo. Wannan ne ke tura mutane su kai waya har hancin dabba. In wayarka na da gilashin 3x na gaske, faɗin zai dawo mita 3 da 'yan kai. Mai 5x kuma wajen mita 2, wanda ya isa hoton dabba sukutum. Ka danna lambar da aka rubuta a allo, kada ka buɗa da yatsu fiye da ita, don daga nan wayar ƙirƙirar gashin take yi. Ka danna fuskar ka riƙe har saiti ya kulle, ka ɗan ja haske sama, ka ɗauka da maɓallin ƙara murya don hannu kada ya girgiza. Wata dabarar: ka ɗauki bidiyon 4K, daga baya ka ciro hoto daga ciki, kowane ɗaya yana da kimanin megafiksel 8. Ka sa wa wayar igiyar hannu. Juya wa garke baya don ɗaukar kanka da su kuwa, a bar shi kawai.

Kirka da jan biri daga mota

Cikin dajin ba a shiga sai da jagora, ba a kuma sauka sai ya ce. Ka zauna a gefe, kyamara a cinya, an riga an saita ta a 1/1000, murfi a cire. Jan biri yakan ba ka daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka: namijin yakan hau kututture ko suri yana gadi, nesa kaɗan da matan, ya kalle ku, sai ƙura. Shi za ka nema. Da an tsaya ka ce wa direba, "Malam, a taimaka a kashe injin," domin rawar mota tana bin ƙarfe ta shiga gilashi. Safa da aka cika da yashi aka ɗaure bakinta, in ka ɗora a ƙarfen mota ka kwantar da gilashi a kai, ta fi ƙafar kyamara amfani a nan. Kirka kuma ka neme shi a ɓaure, kanya da tsamiya na bakin Gaji. Yana cikin inuwa, sama na bayansa, don haka ka ƙara haske zuwa +1 ka jira ya sauko reshen ƙasa inda ganye zai zame masa bango.

Bakin kogin akwai tsando, kuma shuɗi da baƙin tufafi suke bi. Ka sa ruwan ƙasa ko kakin soja, mai dogon hannu da kauri. Cizo ɗaya a wuya daidai lokacin dannawa ya isa ya ɓata hoto.

Ƙura ita ce ɗayar matsalar. Kada ka sauya gilashi a fili ko a mota tana tafiya. Ka ɗaura dogon tun a ɗaki ka bar shi. Tsakanin tsayawa da tsayawa ka rufe kyamara da rawani ko tawul. Da dare ka fara hure ƙurar da 'yar robar hurawa kafin ka goga ƙyalle, in ba haka ba yashin zai karce gilashin. Batir biyu, katin memori biyu, da abin cajin tafi-da-gidanka.

In ka zauna zaɓe, ka buɗe kowane hoto har ƙarshe a kan ido. Wanda idonsa bai fito ba ka goge ko da komai nasa ya yi kyau. Wanda dabbar ta yi ƙanƙanta a ciki kuma kada ka yi saurin zubarwa. Hoton megafiksel 24 yana da ɗigo 6000 a kwance da 4000 a tsaye. In ka yanke rabin kowane gefe ka bar 3000 da 2000, ya isa a wanke shi a santimita 25 da 17 ba tare da ya fashe ba, ya kuma fi ƙarfin abin da Facebook da WhatsApp ke buƙata.